Ɓeran Auta da Tsumman Kyanwa

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan taɓa ta, amma bakinta kam garau yake.

Gyara zama ka sha labari. Ka san tun hatsarin nan Baba bai sake shiga mota ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, yau ko ƙarar birki ya ji sai gumi ya karyo masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma abokansa direbobi ba su duba haka ba, har Sarkin Ƙafa suke ce masa. Shi ma ya yarda ragwanta ce, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

To, ka san Auta da ɓerayen bincikenta a jami'a. Kwanaki ta zo ta ɗauke tsumman da kyanwar Inna ke kwanciya a kai, Inna na ta faɗa wai boko ya kai yarinya ga satar tsumma. Jiya sai ga ta da bidiyo a waya, muka taru a falo. Ta ce a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wasu 'yan ƙofofi masu karɓar saƙon tsoro, kuma wata ƙwayar halitta da ya gada ce ke gina su. Ɓera na farko, mai ƙofofi lafiyayyu, yana shinshinar tsumman ya sandare a lungun keji. Na biyu kuwa, wanda suka kashe wa ƙwayar, wallahi hawa tsumman ya yi ya zauna yana gyaran gashin baki! Inna ta ce wannan ba jarumi ba ne, ajali ne ke kiransa.

Muna ta dariya, ban da Baba. Can ya tambayi Auta ko na farkon rago ne. Ta ce a'a, jikinsa ne ke ƙoƙarin tsare masa rai. Ta ƙara da cewa ɓera ba mutum ba ne, ita kuma ba likita ba ce, amma ta san tsoro yana da mazauni a jiki, ba lalacewar hali ba ne. Baba ya sa aka maimaita bidiyon, sannan ya ce shi da kansa zai je ya gaishe da matsoracin nan.

Ƙanena, yau da safe Baba ya shiga motata! Ya ƙanƙame ƙofa, rigarsa sharkaf, a hanya har ya sa na tsaya ya sauka ya sha iska, ya kuma komo da ƙafarsa. Ni ina tuƙi ina hawaye, shi yana yi mini faɗa wai ba na sa sigina. Da muka isa ɗakin binciken Auta, ko kallon jarumin bai yi ba, gaban kejin matsoracin ya daɗe a tsaye.

Inna da Auta da Kawu mai ɗinki suna gaishe ku. Ka shafa mini kan Ƙaramin Baba da 'Yar Lele. In ka tashi zuwa, kada ka nemi mai ɗauko ka daga tasha. Baba ya ce shi zai zo tarbarka, ko da a kujerar baya ne.

Taka,
Yayarka