Sojojin Dalmar da Kawu Salifu Ya Zubar

Sevran, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Hafsah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, ina roƙon Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafafunta, ya bar mana ita. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Matata Aïssata ta koma aiki, tana gaishe ki. Saƙonki ya iso ni, inda kika ce in je in durƙusa in ba Kawu Salifu haƙuri. Na zaɓi in amsa a takarda, domin in na ɗauki waya muryata za ta tashi, kuma ba ke kika yi mini laifi ba.

Ga abin da Kawu yake kira gumaka. Kin tuna shekarar da na faɗo daga tsani a wurin aiki, na yi wata takwas a kwance? A lokacin ne Yanis, ɗan mutanen Maradi da aka haifa a Lyon, ya koya mini wani wasa. Ƙananan sojoji ne na dalma, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Mukan yi musu fenti, mu jera su a kan tebur, mu maimaita yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon. Kamar dara ce, Yaya, sai dai 'ya'yan suna da riga da hula. Ba kuɗi ake zubawa ba, ba kuma wanda ke yi musu sujada. Wannan wasan ne ya riƙe mini hankali lokacin da ko takalmi ba na iya sa wa kaina.

Akwai iri ɗaya da na rasa, wato sojan dokin Faransa da suka sauka ƙasa, wasu durƙushe da bindiga, wasu riƙe da linzami. Na kan doki ko'ina akwai, amma waɗanda suka sauka, a girman da nake tarawa, an daɗe da daina ƙera su. Shekara huɗu ina nema. Na bi shagunan Paris, na sha zagaya kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen cikin ruwan sama, har masu shago suka fara girgiza kai tun ina bakin ƙofa. A watan Yuli Yanis ya kira ni, ya ce wata tsohuwa a Lyon tana rabuwa da kayan mijinta da ya rasu. Na hau jirgin ƙasa na je. Guda goma sha biyu na samu. Da ta miƙa mini su, ta roƙe ni in kula da su, ta ce mijinta bai samu ya yi musu fenti ba. Na yi mata alkawari. Wata uku na yi a kansu, koriyar riga, maɓalli ɗaya-ɗaya.

Da Kawu ya zo aikin idonsa, ɗakina na ba shi. Na san ra'ayinsa, shi ya sa na tattara sojojin duka cikin akwati, na rufe, na kuma gaya masa in sun dame shi zan kai su gidan maƙwabci. Ya ce ba komai. Ranar Talata muna wurin aiki, ya sauka da akwatin ya jefa a cikin shara, mota ta kwashe. Da na dawo ya faɗa mini da bakinsa, hankali kwance, wai ya tsarkake mini gida, mala'iku ba sa shiga inda siffofi suke. Ban ɗaga masa murya ba. Na dai ce da ya bari na fitar da su da hannuna. Wannan ita ce rashin kunyar da aka kawo muku labari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne saƙon muryar da ya aika wa dangi, cewa Habibou ya koma bautar gumaka a ƙasar Turawa. Na ji Inna ta yi kuka. Ni da nake raka shi masallacin Juma'a, nake riƙe hannunsa a tsallaka titi! Shekarata arba'in da ɗaya, amma ba wanda ya tambaye ni kafin a yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba a bar ni na nuna ba.

Ranar Asabar na je Bron, kusa da Lyon, hannu rabbana, don an riga an shirya wasan a can saboda sha biyun nan. Yanis ya ara mini na kan doki, muka ce a ɗauka sun sauka. Tsohuwar ta aiko a nuna mata hotonsu da fenti. Har yau ban san abin da zan ce mata ba.

Zan ci gaba da kai Kawu wurin likita, zan ɗauki kayansa har filin jirgi, domin ƙanen Inna ne. Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma kada ki ce in nemi gafarar abin da ban yi ba. Ki karanta wa Inna wannan takarda, ki ce mata ɗanta yana salla.

Ki gaishe mini da Malam Mika'il, da Husainatu da jaririnta, da Fatou. Kawu ma yana gaishe ku. Aikin ya yi kyau, yanzu yana gani sarai.

Ƙaninki,
Habibou