Mujtaba Ya Ɓoye Goran Babana, Ni Kuma Ina Tashi a Jiƙe

Assalamu alaikum Hajiya Sakinatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin ya kai ni maƙura, kuma wanda na saba kai ma kukana shi nake zargi. Ki sakaya sunana.

Ni ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Argungu, aikin injin casar shinkafa ya kawo ni Birnin Kebbi. Ɗaki na kama a Gwadangaji, ni kaɗai nake kwana. Duk rani idan Sarkin Ruwan garinmu ya buɗe gurbin gulbin da anka hana kamun kifi tun damina, sai in koma gida in shiga da ragar homa da goran da babana ya bar mini. Babban gora ne, kansa ake kwanciya rub da ciki ana iyo, kifin da anka kama a zuba cikinsa. Duk danginmu babu kamarsa.

To bara, bayan munka fito ruwa da azahar, na kishingiɗa gindin wani icce barci ya kwashe ni. Ina farkawa na ishe ɗan baffana Mujtaba durƙushe a kaina, bakina duk jini da yashi, jikina kamar an kirɓa ni a turmi. Na tambaye shi mi ya faru, ya kau da kai ya ce ba komai. Ba komai, ga jini a baki? Hajiya, mi ya ɗura mini ina barci?

Tun daga nan ban sake gane kaina ba. Sai in yi kwanaki garau, ran nan in tashi in ga matashi da jini, gefen harshena a tsage, ko koko bai shayuwa. Kai na sara, kafaɗu da cinyoyi na ciwo kamar na wuni dakon buhuna. Wata rana a ƙasa na tsinci kaina, goshi a kumbure, buta ta kife can gefe. Sai in zauna in rasa ko wace rana ce, asuba ta wuce ni, ni da ladan bai taɓa riga ni tashi ba. Abin da ya fi tada mini hankali, katifa a jiƙe. Ƙato da ni! Mu a gidanmu an ce idan anka haɗa mutum da mutanen ruwa, ruwa kan biyo shi har shimfiɗa. Na danna sakata, na ƙara da kwaɗo ta ciki, na barbaɗa toka bakin ƙofa, ban ga sawun kowa ba. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, abin bai fasa ba.

Ga kuma halin da Mujtaba ya tsiro da shi. Mutumin da sai ya yi wata bai neme ni ba, yanzu kullum da sassafe sai ya bugo waya wai ko na tashi lafiya. Lafiyata yake nema, ko so yake ya ji ko aiki ya ci? Da na je gida neman gora, anka ce shi ya ɗauke ya kulle ɗakinsa. Har wurin innata ya tafi ya ce kada ta bar ni shiga ruwa bana, ta nemi dalili ya yi ta kame-kame. Tun muna yara idonsa ke kan goran nan, wallahi na sani. Biri ya yi kama da mutum.

Lokacin kamun kifi ya matso. Na ƙudurta in ari gora in faɗa ruwa gaban kowa, ya san jinin babana bai tsoron gulbi. Mi kika gani?

Ɗan Masunta, Gwadangaji

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, kada ka shiga ruwa. Ko da goran aro, ko a kwale-kwale, ko wanka a bakin gulbi. Babur ma, in kana hawa, ka dakata da tuƙawa, kuma ka yi hattara da injin da kake aiki da shi.

Ni ba likita ba ce, amma cizon gefen harshe, ciwon jiki, faɗowa daga gado, ruɗewa bayan farkawa da jiƙa shimfiɗa, duk alamu ne da aka sani na farfaɗiya mai zuwa cikin barci. Mai ita ba ya tuna komai, sai dai ya tashi ya ga ɓarna. Toka ba ta nuna sawu ba don ba wanda ya shigo. Jiƙewar nan kuwa fitsari ne da ke kuɓucewa lokacin da jiki ke jijjiga, ba abin kunya ba ne. Akwai wasu cututtuka masu kama da haka, saboda haka ka je babban asibiti cikin makon nan, ka zayyana wa likita komai, har maganar katifa. Ba a ɗaukar farfaɗiya daga wani, kuma yawancin masu ita magani na riƙe ta. Addu'a ka ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti.

Kafin nan, sauke katifa ƙasa, ka nesanta ta da risho da duk abu mai kaifi. Cire kwaɗon nan, ka daina danna sakata, ka ba maƙwabcin da ka yarda da shi mabuɗin ƙofa. In da hali wani ya riƙa kwana wurinka, in babu ka jingina waya ta ɗauki bidiyonka kana barci don likita ya gani. Wanda ya tarar da kai a ciki ya juya ka gefe, kada ya tura maka cokali ko ruwa a baki. In ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Batun Mujtaba, ban san zuciyarsa ba, wataƙila ma yana son goran. Ya kuma yi kuskure da ya rufe ka da shiru, don shirunsa ne ya haifi zarginka. Amma ina kyautata zaton shi kaɗai ya ga abin da ya same ka a gindin iccen nan, nauyin sunan ciwon ya hana shi faɗa. Ka zaunar da shi cikin lalama ka tambaye shi abin da ya gani, ka tafi da shi wurin likita, domin shi ne shaidarka. Ka yi tunani, ɗana: wanda ke son ruwa ya ci ka ba zai kulle gora a ɗaki ba, da hannu biyu zai miƙo maka.

Gora zai jira ka, innarka kuwa ba ta da wani kai. Allah ya ba ka lafiya, ya gyara tsakaninka da ɗan'uwanka.

Hajiya Sakinatu