Bi-ruwa, Shinkafar Baba

Alhamis, 9 ga Mayu, 2024

Shekaranjiya Talata aka kai Baba. Da hantsi ya cika, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. Ciwon bai kwantar da shi sosai ba, ƙafar ce dai da numfashin.

Jama'a sai wanda ya gani. Ban san Baba ya san mutane haka ba, mutumin da daga gida sai fadama, daga fadama sai masallaci. Har daga Miga da Baturiya. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙan Malam Yunusa, ya taɓa yi mini kaza. Ni dai amin nake ta cewa har muryata ta dushe.

Gwaggo 'Yar'azumi ce a kan tukwane. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko zama ba ta yi ba balle kuka. Haka take tun tana goyona bayan rasuwar Inna.

Juma'a, 10 ga Mayu

An yi sadakar uku. Na ci loma biyu a tsaye, na ji abincin ya yi mini daɗi, har kunya ta kama ni.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na shiga ɗakin Baba mu kwashe kaya ni da ƙanena Abdulwahid kafin ya koma Kano. Igiya tana nan a jikin azara, buhun ba ya nan.

Buhun iri nake nufi. Bi-ruwa. Shinkafar da Baba yake shukawa tun ban san kaina ba, mai baƙin ɓawo da jan ido. Ruwa ya ƙaru ta ƙara tsawo, shi ya sa ya sa mata sunan. Shekarar ambaliya kowa ya tashi hannu biyu, Baba ya shiga kwalekwale yana yankan kanta a saman ruwa. Duk Haɗeja ban san wani mai ita ba, kowa ya koma sabon iri.

Na fito na tambayi Gwaggo. Ta ce ita ta sauke. Ranar sadaka shinkafa ta ƙare, ga mutanen Baturiya sun cika zaure, sai ta sa a adaidaita ta kai injin Shu'ibu aka casa, ko turarawa ba a yi ba don sauri. Wai ta zaci akwai wani a rumbu kamar yadda ya saba.

Babu. Bara bai da lafiya, kaɗan ya noma, buhun nan ne kaɗai ya rataye.

Ashe ita ce na ci ranar Juma'a. Ni da sana'ata turara shinkafa, na kasa gane ta a bakina.

Litinin, 13 ga Mayu

Na faɗa wa Gwaggo magana jiya, gaban mata. Na ce shekarun Baba duka ta zuba a tukunya ta yi musu miya. Na ce da maƙwabta ta aika ai da an ba ta, ni kaina buhu nawa ne a ɗakina? Ta ce, "Jannatu, baƙi ne a zaure." Shi ke nan abin da ta ce. Ta ci gaba da wanke kwanuka.

Ban yi nadama ba. Gaskiya na faɗa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na tattara na koma gidana. Abdulwahid ya ce in daina tayar da hankalina a kan shinkafa, zai aiko da sabon iri a shuka gonar, ya ma fi yawan buhu. Yaron da ko lauje bai iya riƙewa ba. Na ce masa ya aiko, gonarsa ce kamar yadda take tawa. Amma ni sai na nemo Bi-ruwa kafin ruwa ya zauna. Baba ba ya hana iri, ba za a rasa wanda ya ajiye ta cikin waɗanda ya ba ba.

Nan da ƙarshen Yuni ne. In ta wuce wannan daminar, ko an samu ba lallai ta tsira baɗi ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Gida uku na shiga a makon nan, duk waɗanda na san Baba ya taɓa ba su. Ɗaya ya ce tun tuni ya bari, ba ta da kasuwa, matan birni ba sa son ja. Ɗaya ɓera ya cinye masa. Na ukun ya manta ma an ba shi, amma ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda Baba ya ɗauke shi a kafaɗa daga fadama ranar da maciji ya sare shi, yana tafe yana yi masa faɗa a kan shiga ciyawa ba takalmi. Wannan kam Baba ne. Ba ya taimakonka sai da faɗa.

Ban taɓa jin labarin ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Zafi kamar me. Gwaggo ta aiko mini da kunun tsamiya a jug. Na ba yara.

Alhamis, 30 ga Mayu

A kasuwa na haɗu da Hamman, Bafulatanin da yake sauka da shanunsa a gonar Baba bayan girbi. Bai ji rasuwar ba sai daga bakina. Ya tsuguna nan gefen masu kifi ya rufe fuska da rawani, ya daɗe. Da ya tashi ya ce duk fadamar nan Malam Yunusa ne kaɗai yake aika masa cewa an gama yanka, ku zo. Har ruwan sha yake ajiye musu a randa ƙarƙashin giginya.

Na tambaye shi iri, don dai kada in bar kowa. Ya yi dariya da jan ido, ya ce shi karan ya sani, shanunsa sun fi son shi da na kowa.

Lahadi, 2 ga Yuni

An yi yayyafi. Ban ji daɗinsa ba.

Saura mutum ɗaya, kuma shi ma ba ya duniya. Baba Fannami, aminin Baba na wajen Baturiya, ya rasu cikin azumi. Tun daga ranar Baba ya rage cin abinci, duk mun lura. Matarsa Iya Mairam tana takaba, ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Maigida ya ce in je, zai kula da yara.

Alhamis, 6 ga Yuni

Jiya na je, yau na dawo. Mota, sannan babur, bayana duk ciwo.

Iya Mairam ta rame. Da ta gan ni ta kama hannuna biyu ta ce, "Sun tafi sun bar mu, ko sallama ba su yi wa juna ba." Muka yi kuka tare. Rabona da kuka irin wannan tun ranar.

Iri babu. Ciyawar kacalla ta cinye gonarsu ta toshe hanyar ruwa, shekaru ke nan Baba Fannami ya koma kamun kifi kawai. Baba ne ma yake aika musu ta ci duk kaka, su kuma su aiko da bandar kifi.

Amma hira na sha. Hausarta da gargada irin ta Barebari, sai na kasa kunne sosai. Wai tun suna samari suke gardama a kan wa ya kawo Bi-ruwa. Fannami ya ce kakansa ne ya taho da ita daga bakin Tafki a cikin zabira, Baba ya ce ƙarya ne, a tukunyar kakarsa ya same ta. Har suka tsufa ba wanda ya sauka. In sun haɗu, kafin a gaisa an fara.

Sai ta ce, ai wannan ba shi ne karo na farko da irin ya ƙare a gidanku ba. Wata shekara ruwa ya ci ƙauyukansu, suka kwarara Haɗeja da yara, mutanen wajen gida huɗu suka sauka a zauren Baba. Wai ni ina ƙarama lokacin. Abinci ya ƙare, Baba ya hau turmi ya sauko da buhun iri da hannunsa, aka daka aka dafa. Inna tana cewa me za ka shuka, ya ce ta bari a ci tukuna. Da damina ta zo, ɗan abin da Fannami ya ɓoye a tulu suka raba biyu.

Ta ce, "Gwaggonki tana nan ranar. Ita ta daka."

A raina na ce ba ɗaya ba ne. Baba ai irinsa ne, yana da wanda zai ba shi wani. Ni wa nake da shi?

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah, kuma yau arba'in. Mun haɗa addu'ar da yanka a gidan Baba. Na gaida Gwaggo kamar yadda ake gaida kowa. Idonta ya yi ja, yana ruwa, tana ta murza shi da gefen zane. Hannunta duk ƙuraje. Na ce ko ciwon ido ne ake yi a gari, ta ce ƙila.

Wurin da Baba yake zama yana rabon nama, yana cewa wannan na gidan wane, kada wanda ya taɓa, yau Abdulwahid ne a wurin. Ya yi ƙoƙari. Ya manta gida biyu, Gwaggo ta tuna masa a hankali.

Laraba, 19 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi. An shuka gonar Baba da irin Abdulwahid. Na haƙura, in dai wannan ne haƙuri.

Litinin, 24 ga Yuni

Na kai turararriyar shinkafata injin Shu'ibu. Tun rasuwar nake kaiwa wani wuri don kada in gan shi, yau can ɗin ba wuta.

Yana awo ya ce, "Hajiya, ku hana tsohuwar nan mana, ni na yi na gaji." Na ce wace tsohuwa? Ya nuna mini bayan inji.

Tulin ɓuntu ne ya fi katanga tsawo, na kowa da kowa, wata da watanni. Gwaggo ce zaune a gindinsa da faifai, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Tana sheƙewa, tana kai fuskarta dab da faifan, tana tsintar wani abu tana jefawa a gwangwanin madara. Inji ba ya cashe komai duka, dole wasu ƙwayoyin su fita da ɓawonsu. Na san wannan, kullum ina gani. Bai taɓa zo mini a rai ba.

Shu'ibu ya ce tun makon rasuwar take zuwa, daga an idar da sallar asuba har rana ta take. Da ruwa ya fara sauka, ita ta kawo tsohuwar tabarma ta rufe ɓangaren da ya nuna mata ya zubar ranar. Mai baƙin ɓawo kawai take ɗauka.

Na tsaya a kanta. Ta ɗago, ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Na ce, "Gwaggo, tashi mu tafi." Ta ce bari ta ƙarasa wannan faifan. Na karɓe faifan na ƙarasa mata. Ƙwaya biyu na samu.

Gwangwanin bai cika ba. Ya ɗan wuce rabi.

Talata, 25 ga Yuni

Na kai ta a duba idon, an ba ta na ɗigawa. An ce ta daina shiga ƙura. A hanya ta ce mini Baba yana yaro tsoron ruwa yake, ita ce take riƙe hannunsa in za su tsallaka kogi, ga shi ya girme ta. Wai kada in faɗa wa kowa.

Na jiƙa tsumma na naɗe 'yan ƙwayoyi a ciki, na sa a ƙarƙashin randa. Sun bi ta cikin inji, sun sha rana, sun sha danshi. Ban sa rai ba.

Juma'a, 28 ga Yuni

Ba komai. Na buɗe da safe, na buɗe da rana.

Asabar, 29 ga Yuni

Sun tsaga. Ba duka ba, wajen rabi. Ɗan farin abu kamar zare. Na zauna a ƙasa gaban randa har 'yata Talatu ta zo tana tambaya ko faɗuwa na yi.

Talata, 2 ga Yuli

Abin bai kai a je gona da shi ba. Maigida ya gyara mana bakin kududdufin bayan gida, wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. In Allah ya raya, bana a samu kwano, baɗi a samu abin kaiwa fadama. Iya Mairam ma zan aika mata ko cikin hannu ne, ta ajiye a tulu.

Na aika adaidaita ya ɗauko Gwaggo. Na miƙa mata gwangwanin, ta ce ni ce 'yarsa, ni zan fara. Na ce hannuna da mai. Ta yi bisimilla ta watsa, bakinta yana motsi, na ji sunan Baba, na ji na Fannami, na ji na Inna. Sai a nan ta yi kuka, a tsaye, da gwangwanin a hannu.

Ban ba ta haƙuri ba. Ban san ta inda ake farawa ba, ita ma ba ta nema ba.

Na dai share ɗakin kusa da nawa, na sa a kwaso kayanta daga gidan Baba. Na ce mata dole wani ya zauna gadin tsuntsaye, ni aiki ya yi mini yawa. Ta ce, "Jannatu, tsuntsu ai sai shinkafa ta yi ido, nan da wata uku."

Na ce na sani. Na ce ta zauna ta jira su.