Fitilunka Sun Tafi Kawo, Baba

Zuwa ga Baba,

Sallama irin ta addini, tunda ita ka koya mini. Na san ba za ka karanta wannan ba. Dama ko da ranka, yaushe ka taɓa tsayawa ka ji ta bakina?

Gida lafiya. Umma ta fita takaba, har ta yi ƙiba. Yanzu ana dariya a falo, yara na guje-guje, ba mai cewa a yi a hankali kar iska ta taɓa takarda.

Ranar da za a kai ka, Kawu Sani ya shigo cikin gida ya roƙi kowa ya yafe maka. Umma ta ce ta yafe. Ni leɓena kawai na motsa. Tun daga nan take bi na da magiya, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Tunda ma'aikata ta tura ka kwas Japan ka dawo da wannan sana'ar ta haɗa fitilun takarda, muka zama bare a gidanmu na Malali. Ka fere gora siririya, ka naɗa ta a jikin katako, ka shafa sitaci, ka lulluɓa takarda kana lallaɓa ta da buroshi kamar mai shafa wa jinjiri mai. Wallahi da idona na ga hannunka ya iya tausayi. Mu ne dai ba mu kai ba.

Ka tuna ranar da ka sa na riƙe maka katakon? Ina 'yar firamare, hannuna ya gaji ya yi rawa, ɗanyar takarda ta yage. Da katakon ka rotse mini ɗan yatsa. Sannan ka zauna kana liƙe takardar, ni Umma ce ta kai ni wajen mai ɗori. Har yau yatsan a karkace yake. Kuma fitilun nan ko ɗaya ba ka taɓa bari an kunna ba, wai hayaƙi zai ɓata su. Da bikina na roƙi guda biyu, ka hana.

To ga labarinsu. Na sauke su duka, na ɓare takardun na kai wa mai ƙosai a tashar Kawo. Ta yaba, ta ce suna shan mai sosai. Gorar kuwa mai tsiren Hayin Banki ya karɓa, ya yi tsinke da ita. Katakon da shi muka dafa abincin sadakarka, ya ci wuta da kyau.

Ka ji zafi? Ni ban ji komai ba, kuma na so in ji.

Umma na cewa haƙƙina zai hana ka kwanciya. Na sani, Baba. Ai don haka na riƙe shi. Ka jira ni, za mu yi maganar a gaban Wanda ba ka isa ka daka wa tsawa ba.

Sai na zo.

'Yarka Hafsatu, wadda ba ta yafe ba.