Awakin Shaida

Maijirgi, 4 ga Maris

Zuwa ga Hanatu, Maman Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, yaya zafi a Mayahi, yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata lau, sai kewar tuwonki.

Ciwon baki ya cinye awakin garin nan. Leɓe ya yi ɓawo, dasashi ya tsage, akuya na kallon harawa ba ta iya tauna. Madam Munira, likitar dabbobin da nake yi wa aiki, ta zo da man shafawa na zuma da garin bagaruwa za a gwada. Awaki arba'in za a riƙa shafa wa, ashirin kuma a wanke musu baki da ruwan gishiri kawai har kwana ashirin da ɗaya, don a ga bambanci. Waɗannan ashirin su ake kira témoin da Faransanci. Mijinki sarkin iyayi ya tsaya a ƙofar maigari ya fassara da "shaida".

Wata tsohuwa, Inna Zara'u, ta kama rigata wai sai na sa jajayen awakinta uku cikin shaidu, tunda ba a kiran mutumin banza shaida. Ta ɗauka girma ne. Jama'a na kallo, na ji nauyin in gaya mata gaskiya, na rubuta su.

Ki gaida Baba da Judith.

Mijinki,
Gamaliyel

Maijirgi, 13 ga Maris

Hanatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ga abin da na kasa faɗa miki a waya.

Maganin yana aiki. Waɗanda ake shafa wa sun fara cin dusa tun kwana na biyar. Shaidu kuwa sai zubar da yawu mai wari. Ɗan akuyar Inna Zara'u ya sa wa uwarsa ciwon a hantsa, ta hana shi tsotso, ya mutu ranar Talata. Tsohuwar ba ta da kowa, nonon awakin nan shi ne furarta. Kullum na zo da kwalbar ruwan gishiri sai ta shimfiɗa mini tabarma tana sa mini albarka, a zatonta magani na musamman ne. Albarkar nan ta fi zagi ciwo.

Laraba da safe na lakato man da yatsa na shafa wa awakinta. Maƙwabcinta Ƙadri ya gani, shi ma nasa shaidu ne. Da wane baki zan hana shi? Kafin Juma'a duk ashirin ɗin ina shafa musu, a takarda kuma ina rubuta ruwan gishiri. Ni da nake karanta wa mutane doka ta tara, mai hana shaidar zur, a majami'a.

Ki yi mini addu'a, kada ki gaya wa Baba.

Naki,
Gamaliyel

Maijirgi, 20 ga Afrilu

Hanatu matata,

Ina fata kuna lafiya, ina gaida kowa. Ki zauna kafin ki karanta.

Sakamako ya fito. Tunda shaidu sun warke daidai da sauran, aka yanke cewa man bai fi ruwan gishiri ba. An rufe aikin, an fasa haɗa man da za a raba wa ƙauyuka. Ana haka ciwon ya shiga ƙauyukan wajen garin El Allasan Mairerai, kuma babu abin da za a kai musu. Wani makiyayi ya ce mini a garkensa kaɗai gawar 'yan awaki goma sha ɗaya ya jefar.

Jiya na je Tasawa na faɗa wa Madam Munira komai. Da ma ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai kawai ta karɓi makullin babur ɗin aiki. Ta ce shekara biyu ta yi tana roƙon a yarda da gwajin nan, kuma ko an sake yarda sai an ware wasu ashirin an bar su da ruwan gishiri, wannan karon a hannun wanda zai iya kallon wahalarsu.

Awaki ashirin na ceta, Hanatu. Waɗanda na kashe ban san adadinsu ba, kuma ba su gama mutuwa ba.

Ina tafe Litinin a motar kasuwa, ba aiki. Inna Zara'u ta ɗaura wa 'yar akuya igiya ta ce in kawo miki, wai don ki san mijinki mutumin kirki ne. Na kasa ƙi. Ki nema mata turke a bayan ɗaki, inda ba zan riƙa ganinta ba.

Mijinki,
Gamaliyel