Haddar Manaja da Sarƙar Ƙofar Baya

Anti, ki taimake ni, wasa ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni mai guga ne a masana'antar ɗinki da ke kai riguna ƙasashen waje. Allo kaɗai na yi, amma a tsokana na sauke tuni. Kamfanin da ke sayen kayanmu ya shiga wata yarjejeniya ta ganin dama kan haƙƙin ma'aikata, shi ya sa masu duba ke zuwa jefi-jefi. Kafin su zo, manaja ya biya mana amsoshi: ba a tilasta mana ƙarin aiki, ƙofar baya kullum a buɗe take. Ni kuwa na sa musu karin hadda, ina kaɗa kai, teloli suna amsawa, har ya zauna a bakin kowa.

Ranar da wata baƙuwa daga cikin masu duban ta zo, duk wanda ta tambaya sai ya rera mata da karin nan. Ta ajiye biro, ta je ta shafa tsatsar da sarƙar da aka cire saboda zuwanta ta bari a hannun ƙofar bayan. Da za ta tafi ta ba ni lambar waya. Manaja ya gani.

Tun ranar bai tsawata mini ba. Murmushi yake yi, yana tambayar lafiyar yayata, wadda da keken ɗinkin wurin take ciyar da marayunta. An mayar da sarƙar. Dilolin yadi sun kai rufi, wayar dutsen gugata kuma ta fara ƙauri. Wai in na kira, za a janye ciniki a sallami kowa. In na yi shiru fa?

Mai Guga

Ƙanena,

Tsoronka yana kan hanya. Yarjejeniyar nan ba doka ba ce. Mai saye yana iya sa a gyara, yana iya kwashe cinikinsa ya bar ku da manaja. Amma wanda ya rasa aiki yakan sami wani, wuta kuwa ba ta sallama.

Ka gaya wa yayarka yau, don da ita ake ja maka kunne. Kada ka kira kai kaɗai: waɗanda suka amsa maka hadda su tsaya tare da kai. Ku kira daga waje, ku ce gyara kuke nema, ba rufewa ba, ku kuma sanar da ofishin ƙwadago. Dutsen gugar nan kada ka sake jona shi. Manaja kuma ka daina tsokanarsa, murmushin nan ba na wasa ba ne.

Allah ya tsare ku, ya sa a cire sarƙar tun ba a buƙaci ƙofar ba.