Kwabban Wendell Sun Yi Ƙyalli

Zanesville, Ohio
Fabrairu, 1988

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Bernadine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan dusar ƙanƙara ta kusa toshe mana ƙofa, amma muna nan da ranmu.

Kin tambayi jikin mijina. Wendell yana nan yadda asibiti suka sallamo min shi: ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana babu. Ido kuwa ras, kunne ras. Ni ke ɗaga shi, ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Mutumin da ya kusa shekara arba'in yana ce min, "Loretta, ɗauke hannunki daga kwabbaina, da maiƙo," yau hannun nan mai maiƙo ne ke goge masa yawu.

Bari in ba ki dariya. Kin san ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin kwabbai, tsofaffin banzan nan da ke taruwa a zauren coci suna leƙen tagulla da gilashi. Kusan dukansu kwabo mai hoton Shugaba Linkon suke tarawa, mai zangarniyar alkama a baya, don da shi kowa ya fara tun yana yaro yana tonon canjin uwarsa. Mai hoton mikiya mutum biyu ne suka damu da shi, ɗayan ma ya mutu. Wendell kaɗai ya maƙale wa mai kan Ba'indiye da hular gashin tsuntsu. Kowace shekara sukan jefa ƙuri'a a kan wanda za a ba teburin gaba ranar baje koli, kowace shekara 'yan Linkon ke cinyewa. Shugabansu Clifford har ihu yake masa daga ƙarshen zaure: "Kai Wendell, ina 'yan fiffiken kajin naka? Kawo mu kaɗe ƙurar tebur!" Ya dawo gida yana huci, ni ya sauke min.

To, jiya sai ga Clifford ɗin da hularsa a hannu, yana sunkuyar da kai. Wai bana sun ba Wendell teburin gaba, baki ɗaya, babu wanda ya ƙi. Da kin ga mijina, Yaya. Hawaye yake zubarwa sosai, yana buga hannun hagu a kan kujera. Ban taɓa ganin ya yi kuka irin haka ba. Ko ranar da na rasa jaririna bai yi ba. Kin tuna, ke ce a gefen gadona, shi yana Columbus yana cinikin kwabon 1877, wanda ya fi wuyar samu cikin masu kan Ba'indiye, ya zo washegari yana nuna min shi a tafin hannunsa wai don in ji sanyi.

Na ce wa Clifford kada ya damu, ni zan shirya komai.

Ki gaishe min da kowa.

Taki ƙanwa,
Loretta

Maris, 1988

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu takardarki da safar da kika saƙa wa Wendell, na sa masa, na gode. Kin ce in riƙa hutawa. Ai Yaya, ban taɓa samun hutu irin na makon nan ba.

Ranar Talata da hantsi na turo shi a keken guragunsa zuwa kicin, na daidaita shi gaban tebur inda rana ke shigowa. Na sauka ɗakin ƙasa, ɗakin nan da ko shara ba ya bari in shiga in yi, na kwaso allunan da yake jera kwabbansa a kai duka. Na matse lemon tsami cikin kwano, na zuba gishiri, na ɗauko tsohon buroshin haƙori.

Ke ba ki san harkarsu ba, to ki sani. Duhun nan da tsohon kwabo ke yi, mai kama da launin kofi, shi ne mutuncinsa a wurinsu. Wanda aka wanke ya zama gawa, ko kyauta ba sa karɓa, kuma duhun ba ya dawowa yadda yake. Na ji Wendell ya faɗi wannan a kan teburin cin abincinmu har kunnena ya gaji. Babu matar mai tara kwabo da ba ta sani ba.

Na ce masa, "Maigida, dubi yadda suka yi dauɗa. Haka za mu kai su gaban jama'a? Ai sai a zage ni."

Na fara da ƙananan, ɗaya bayan ɗaya, ina tsomawa ina gogewa ina ɗaga masa ya gani. Wani irin gurnani yake kamar an toshe wa maraƙi baki. Ya yi ta jan jiki har ya kusa faɗowa, na tashi na gyara masa matashi, na ɗaure shi da kyau, na koma aikina. Na 1877 na bari a ƙarshe. Shi kam sai da na ƙara masa da waya ta wanke tukunya. Ya fito jajur yana sheƙi, sai ka ce yau aka buga shi.

Kada ki rubuto min wa'azi. Na ji daɗi, kuma na yi barci mai kyau.

Ki kula da gwiwar nan.

Taki har kullum,
Loretta

Afrilu, 1988

Yaya Bernadine,

Ina gaisuwa. Shirunki ya yi yawa, ina fata lafiya ce ta ɓoye ki ba fushi ba.

An yi baje kolin ranar Asabar. Na sa wa Wendell kwat ɗinsa na zuwa coci, na taje masa kai, na tura shi har teburin gaba. Suka miƙe suna masa tafi. Na jera allunan da hannuna, na yaye mayafin.

Tafin ya mutu. Wani ya ce, "Wayyo Allah." Clifford ya sunkuya da gilashinsa a kan na 1877, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Loretta, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce mana, Clifford. Ba su yi kyau ba? Yini guda na yi a kansu."

Suka dubi juna. Matar ɗayansu ta rungume ni tana cewa, "Kayya, baiwar Allah, ba ta sani ba, ƙauna ce ta sa ta." Haka aka wuni ana ba ni kofi ana lallashina, shi kuma yana zaune gaban abin kunyarsa, baƙi na wucewa suna ƙunshe dariya. Wani saurayi ma cewa ya yi, "Baba, a wace kasuwar 'yan wasa ka sayo waɗannan?" Duk zauren mutum ɗaya ne ya san gaskiya, shi kuma ba shi da bakin faɗa. Clifford, wanda ya shekara da shekaru yana masa ba'a, shi ne ya cire rigarsa ya rufe teburin, ya tafi bayan zaure yana share hanci.

Na zaci a nan aka gama, amma akwai saura.

Jiya da safe ina matse lemon tsami don kifi, kwanon yana gabansa. Sai na ga yana ta fama da aljihun rigarsa da hannun hagu. Ya zaro tsohuwar jakar fatarsa, wadda ba ya rabuwa da ita ko a asibiti, ya yi ta kici-kici da haƙori har wani kwabo ya faɗo. Linkon ne, Yaya. A jikin Wendell, wanda ko canji aka ba shi da Linkon sai ya yamutsa fuska. Na ɗauka na duba, 1949. Shi ne wanda Babanmu ya sa min cikin takalmi ranar ɗaurin aurena don sa'a, har kika yi ta min dariya ina ɗingishi zuwa gaban fasto. Na ɗauka ya ɓace tun a ranar. Ya yi duhu mai kyau, irin wanda suke so, babu ko ƙwarzane.

Na tsaya da shi a hannu. Na juya na dubi Wendell. Sai ya miƙo hannu, na ba shi. Ya dube ni ido cikin ido, ya kai hannun saman kwanon lemon, ya sake shi a ciki.

Na kai hannu zan tsamo, ya riƙe min wuyan hannu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Muka zauna muna kallo har ya yi ja.

Tun jiya ya ƙi karɓar abinci daga hannuna. Ki zo, Yaya, ko daga naki zai karɓa.

Ƙanwarki,
Loretta